Jinkirin Tashin Kwamfutocin Da Ke Cikin Kwamfuta: Abin Da Masaƙun Kakuri Suka Riga Mu Sani

 Abin da aka nemi in yi magana a kansa, a ido dai ƙaramin abu ne, watau dalilin da ya sa wata irin kwamfuta takan yi nawa wajen tashi bayan an kunna ta, da kuma yadda ma'aikaci zai bi sawun matsalar har ya kamo ta. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin karɓar kati a asibiti ana ce masa ya dakata kwamfuta ba ta tashi ba tukuna, ko kuwa ya ga yara sun cika ɗakin jarrabawa sun zuba wa allon kwamfuta ido, tun da Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a shekarar 2015, lalle ya san cewa jiran minti ashirin ba abin wasa ba ne.

Ya kamata mu fara sanin dabbar da muka fito farauta. A da, kowane aiki da kwamfutarsa: wannan ta lissafin albashi ce, waccan ta ajiye sunayen ma'aikata, wata kuma ta wasiƙu. Yanzu kuwa akan sayi babbar kwamfuta guda mai ƙarfi, wadda ake kira saba, a sa mata wata manhaja wadda za ta yanka ƙarfinta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta zama tamkar kwamfuta mai zaman kanta, da tata babbar manhajar, ko Windows ko Linux, tana zaton ita kaɗai ce a gidan. Alhali kuwa ba ta da ƙarfe ko waya ko guda nata na kanta. Faifan ajiyarta fayil ne kawai a kan faifan babbar, ƙwaƙwalwarta kuwa aro ce. Masana sun raɗa wa babbar suna mai masauki, ƙananan kuwa baƙi, kuma tun da sunayen sun dace da al'adarmu, da su zan yi amfani. Ita kuma manhajar da ke raba musu ɗaki da abinci, wadda Turawa ke kira haifabaiza, zan kira ta sarkin gida.

Kada wani ya ɗauka wannan dabara ta jiya ce. Kamfanin IBM na Amurka ya gwada ta tun 1967 da wani tsari mai suna CP-40, ya kuma fito da VM/370 kasuwa a 1972, shekarar da aka haɗa tsohuwar hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Neja aka kafa NEPA a ƙasar nan. Abin da ya zo daga baya shi ne saukowarta kan ƙananan kwamfutoci irin namu. VMware ya fito da nasa a 1999, Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fito da Xen a 2003, Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina taimakon wannan aiki a cikin furosesa ita kanta, KVM ya shiga cikin Linux a 2007, Microsoft kuwa ya biyo baya da Hyper-V a 2008. Ku riƙe maganar Intel da AMD ɗin nan, za mu komo kanta.

To, me ya kawo Kakuri cikin wannan zance? Waɗanda suka san Kaduna ta kudancin kogi sun san cewa a nan ne Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta haɗa kai da kamfanin David Whitehead na Lankashaya aka kafa Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957. Sa'an nan wasu masaƙun suka biyo, irin su United Nigerian Textiles da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960, ga masana'antar kayan soja ta DICON ta 1964, ga kuma kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, amma har yanzu akwai dattijai a Kakuri da Makera da Nasarawa waɗanda suka yi aikin lantarki a irin waɗannan wurare, kuma kowane ɗayansu zai gaya muku wata ƙa'ida da yaron mai aikin waya yakan koya tun yana riƙe wa maigidansa tsani. Injin lantarki mai juyawa, a sa'ad da yake tashi daga tsaye, yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in ya riga ya kama gudu. Saboda haka in aka ɗauke wuta aka komo da ita, ba a sakar wa injunan ma'aikata wuta gaba ɗaya, domin taransifomar da ke ɗaukarsu lafiya lau suna gudu ba za ta iya ɗaukarsu suna tashi tare ba. Akan tashe su rukuni-rukuni, kuma manyan cikinsu akan sa musu makunni na musamman, wanda ma'aikata ke kira sita-dalta, mai rage jan wutar farko zuwa kashi ɗaya bisa uku.

Wannan ƙa'ida ita ce gindin laccata. Tashi aiki ne dabam da gudu, kuma ya fi gudu nauyi nesa ba kusa ba. Littattafan da muke koyar da ɗalibai da su, galibi an rubuta su ne a ƙasashen da saba takan yi wata da watanni ba a kashe ta ba, in za a kashe ta kuwa sai an sa rana an yi shiri. Don haka marubutansu sukan ba maganar tashi shafi ɗaya ko biyu su wuce. Mu kuwa a nan, sabar da ke ƙaramin ofis a Kakuri tana iya mutuwa ta tashi sau da yawa a mako, mutuwar kuma ta farat ɗaya, ba sallama. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta, har da wanda ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, kowa ya koma kan janareta, ana kunnawa da safe ana kashewa da yamma don tattalin mai. Abin da yake baƙon al'amari ga marubutan nan, a wurinmu abincin yau da gobe ne.

Yanzu sai mu shiga aikin. Abin da na fi gani ga matasan ma'aikata shi ne, da zarar an kawo ƙarar cewa baƙuwar kwamfuta tana nawa, sai su ƙara mata ƙwaƙwalwa, su ƙara mata furosesa, in ba ta warke ba su share ta su sake ɗora mata manhaja. Wannan shan magani ne ba a san ciwo ba. Kayan aiki na farko agogo ne da takarda. Tashi yana da zango-zango, kuma tilas a san zangon da lokaci ya ɓata. Da farko mai masauki yakan duba jikinsa, ya ƙidaya ƙwaƙwalwarsa, ya tashi katin da ke kula da faifai. Babbar saba tana iya cin minti uku ko biyar a nan kawai, wannan kuwa ba ciwo ba ne, halittarta ce, kuma ba laifin baƙi ba ne ko kaɗan. Sa'an nan sarkin gida ya tashi. Sa'an nan kowace baƙuwa ta bi nata zangon: ta duba kayan aron da aka ba ta, ta nemi faifan da za ta tashi daga kansa, ta ɗauko zuciyar babbar manhajarta, daga ƙarshe ta tashi hidimominta ɗaya bayan ɗaya. A rubuta mintin da kowane zango ya ci. A Linux akwai umarnin systemd-analyze mai faɗin sakan nawa zuciyar manhaja ta ci da nawa hidimomi suka ci. In aka ƙara masa kalmar blame ya jera hidimomin daga mafi nawa, in kuwa aka ƙara critical-chain ya nuna wa ya tsaya jiran wa, wanda shi ne ya fi amfani. A Windows ta tebur kuwa akwai littafin aukuwa na Event Viewer, inda aukuwa mai lamba 100 a sashen Diagnostics-Performance take ba da tsawon tashin.

Bayan wannan akwai gwaji guda mai sauƙi wanda ke raba hanya biyu. A kashe dukan baƙi, a tashi mai nawar ita kaɗai. In ta tashi da wuri, to, ciwon cunkoso ne, watau irin na masaƙa. In kuwa ita kaɗai ma ta yi nawa, to, ko dai jiran wani abu take yi, ko kuwa an ba ta gurgun kayan aro.

Bari mu daɗe kaɗan a kan cunkoso, domin shi ne ya fi yawa, kuma lissafinsa abin sha'awa ne. Faifan ajiya irin na da, wanda har yanzu shi ne a cikin yawancin sabobin gwanjo da ake shigo mana da su, faranti ne mai juyawa da allura mai karatu a kansa. Wanda aka fi sani yana juyawa sau 7,200 a minti, watau sau 120 a sakan. Kafin a karanto wani abu, sai allura ta matsa zuwa layin da yake, wanda ke cin kamar kashi 8 ko 9 cikin dubu na sakan, sa'an nan ta jira faranti ya juyo da wurin, wanda a tsaka-tsaki rabin juyi ne, kashi 4 da ɗan ɗoriya cikin dubu. In kun haɗa za ku ga cewa faifan ba zai wuce karatu kamar 80 a sakan ba, muddin abubuwan da ake nema a warwatse suke. In a jere suke kuwa, allura ba ta yawo, sai ta yi ta kwasa da sauri ƙwarai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Baƙuwa guda in tana tashi, yawancin abin da take nema yana kusa da juna, don haka allura ba ta wahala. Amma in baƙi ashirin suka tashi tare, wannan ta nemi nata a gabas, waccan a yamma, sarkin gida kuwa yana ƙoƙarin yi wa kowa adalci, sai karatun da yake a jere ya koma warwatsattse, allura ta dinga kai da komowa kamar ƙoshiyar masaƙi. Mu ƙaddara, alal misali kawai, kowace baƙuwa tana bukatar karatu 6,000 kafin ta gama tashi. Ashirin sun zama 120,000. A raba da 80, an sami sakan 1,500, watau minti 25. Abin takaicin kuwa shi ne ba wadda za ta gama da wuri a fara aiki da ita, dukansu sai wajen ƙarshen mintin 25 ɗin za su kammala. Ma'aikaci ya duba furosesa ya ga tana hutawa, ya duba ƙwaƙwalwa ya ga da saura, sai ya rasa ta cewa. Inda ya kamata ya duba shi ne layin da ke bakin faifai: a Linux umarnin iostat zai nuna masa tsawon jiran kowane karatu, a VMware kuwa esxtop. Faifan zamani na SSD ba shi da faranti balle allura, yana kuwa iya karatu dubu goma-goma a sakan. In ya yi 20,000 kawai, aikin minti 25 ɗin nan ya koma na sakan shida. A ra'ayina, ofishin da ke da kuɗin gyara guda ɗaya tak, to, a nan ya kamata ya kashe su, kafin ya yi maganar sabuwar saba.

Mutuwar farat ɗaya tana ƙara wa wannan cunkoso gishiri. Kwamfutar da aka yanke wa wuta tana tsakiyar rubutu, in ta farka sai ta fara binciken abin da ta bari rabi da rabi. Tsarin ajiya na zamani, irin ext4 na Linux da NTFS na Windows, yana da littafin da yake rubuta niyyarsa kafin ya aikata, saboda haka binciken yakan ƙare cikin sakan kaɗan, amma taskar bayanai da ke kansa ita ma tana da nata binciken, kuma ba za ta buɗe ƙofa ba sai ta gama. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne na faifan da aka haɗa biyu ko fiye suna riƙe wa juna, abin da ake kira RAID. In mai masauki ya yi shakkar cewa sun saɓa, sai ya kama gwada su tun daga farko har ƙarshe. Faifai mai cin terabait 4, in ana karanta shi da gudun megabait 150 a sakan, sai ya ci kusan awa bakwai da rabi, kuma a duk tsawon lokacin nan baƙi suna rabon allura da wannan aiki. A Linux akwai maganin wannan, watau a kunna wa md taswirar da ke tuna wuraren da ake rubutu a kansu lokacin da wuta ta tafi, don a gwada su kaɗai. Har wa yau, katin RAID na manyan sabobi yana da ɗan batiri mai tsare rubutun da bai kai faifai ba. In batirin ya mutu, ko yana cikin caji bayan doguwar ɗaukewar wuta, katin yakan daina amfani da wannan ma'aji don gudun hasara, rubutu ya koma tafiyar hawainiya. Sau da yawa saƙon yana nan a allon farko, amma wa ke tsayawa ya karanta?

Mu koma hanya ta biyu, watau jira. Akwai wata alama da nake so ɗalibai su riƙe: in jinkiri ya zama daidai wa daida kullum, sakan 30, ko 90, ko 120, ba ƙari ba ragi, to, ba aiki kwamfutar ke yi ba, zaune take tana kallon agogo. Aiki na gaske yau ya ci sakan 41, gobe 47. Lamba mai santsi kuwa wa'adi ne da wani ya rubuta. Manhajar systemd, wadda yawancin Linux ke tashi da ita, takan ba hidima ko faifan da bai bayyana ba sakan 90 kafin ta haƙura. Hidimarta mai jiran hanyar sadarwa ta kammala takan jira har sakan 120. Ubuntu kuma, in ta lura tashin da ya wuce bai ƙare lafiya ba, takan tsaya a allon GRUB na sakan 30 ko wani zai zo ya zaɓi abin yi, kun ga kuwa a wurin da ake yawan ɗauke wuta wannan zai dinga faruwa a kai a kai. Galibi abin da ake jira ɗan ƙaramin abu ne: wani faifai da aka cire tun bara amma sunansa na nan a fayil ɗin fstab, ko katin sadarwa na biyu da ba a haɗa da kome ba, ko kuwa an bar baƙuwa tana fara neman tashi ta hanyar sadarwa kafin ta dubi faifanta. Na farko, a share layin, ko a sa masa kalmar nofail don tashi ya wuce ba tare da shi ba. Na ƙarshe, a gyara jerin abin da za ta fara nema.

Mafi wuyar ganewa cikin irin wannan jira shi ne wanda baƙi ke yi wa juna. A kowane ofis akwai wata kwamfuta mai raba adireshi, da wata mai fassara suna zuwa adireshi, da wata mai tabbatar da kalmar sirri, ga kuma akwatin ajiya na gaba ɗaya wanda wani lokaci ma faifan baƙin a cikinsa yake. In waɗannan su ma baƙi ne a gida ɗaya, aka kuwa tashe su tare da kowa, sai mai lissafin albashi ta riga mai raba adireshi farkawa, ta yi kira ba amsa, ta jira wa'adinta ya cika, ta sake kira. Har akan sami mai masauki da kansa yana jiran sunan da baƙuwarsa ce za ta fassara masa, ita kuwa ba za ta tashi ba sai shi ya gama tashi. Akwatin da ke haɗa wayoyin sadarwa ma yana da nasa: a tsohuwar ƙa'idar hana saƙo zagaye, wadda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, kowace ƙofa takan yi sakan 30 tana sauraro kafin ta bar saƙo ya wuce, sai fa in an gaya mata cewa kwamfuta ce a bakinta, ba wani akwatin ba.

Maganin cunkoso da na jiran juna guda ne, kuma shi ne na dattijan masaƙa: a tashe su bi da bi, a kuma san wa ke gaba. Akwatin sadarwa da akwatin ajiya su fara samun wuta. Sai mai masauki. Sai baƙuwar da ke raba adireshi da fassara suna, a ba ta minti ɗaya ko biyu ita kaɗai. Sai taskar bayanai, sai manhajojin da ke dogara da ita, sauran kuwa waɗanda ba a bukatarsu da sassafe su zo daga baya, ko ma a bar su sai an nema. Kowane sarkin gida yana da wurin rubuta wannan jeri. A ESXi na VMware tazarar da aka saba samu tsakanin baƙuwa da baƙuwa sakan 120 ce, ana kuwa iya ragewa ko ƙarawa. Proxmox yana da lambar jeri da tazara ga kowace baƙuwa. Hyper-V yana da jinkirin tashi da ake sa wa kowace. Ba ya cin ko kwabo. Zai yiwu jimillar lokacin ta yi kusa da ta da, amma mai ba da kati a asibiti ya fara aiki a minti na biyar maimakon na ashirin da biyar.

Na ce za mu komo kan Intel da AMD. Taimakon da suka gina cikin furosesa, VT-x a wurin Intel, AMD-V a wurin AMD, shi ke sa baƙuwa ta yi gudu kusan kamar kwamfutar gaske. Amma ana kunna shi ne a saitin BIOS, saitin nan kuwa wani ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe da shi sa'ad da ba wuta. A ƙasar da kwamfuta ke kwana da wuta ba a cika damuwa da shi ba. A wurinmu, inda kayan sun riga sun tsufa kafin su iso, suna kuwa kwana a kashe, yakan ƙare, saiti ya koma na masana'anta, wanda a kwamfutoci da dama yake zuwa da VT-x a kashe. Wani sarkin gidan zai ƙi tashin baƙi ɗungum, wanda gara haka, domin an san da ciwo. QEMU kuwa, in an tsara shi haka, yana iya komawa kwaikwayon furosesa da manhaja zalla, baƙuwa ta tashi amma da nawa ninki-ba-ninki. Batirin nan dai shi ke riƙe agogo. In agogo ya kauce da fiye da minti biyar, tsarin Kerberos da Windows ke tabbatar da mutane da shi sai ya ƙi karɓar kowa, a yi ta zargin baƙuwa da nawa alhali tun ɗazu ta tashi, ƙofa ce a kulle. Ga ɗalibai masu VirtualBox a kan kwamfutar hannu kuma, in kun ga hoton ɗan koren kunkuru a ƙasan taga, ma'anarsa Hyper-V na Windows ya riga ya riƙe VT-x, an bar muku hanya mai nawa. Wanda ya zaɓi kunkuru dai ya iya zaɓe.

Sauran gurgun kayan aro ba sai na daɗe a kansu ba. Sarkin gida yana iya yi wa baƙuwa kwaikwayon tsohon faifai irin na IDE, wanda kowace manhaja ta sani amma yana da nawa, ko ya ba ta hanyar virtio da aka yi musamman don baƙi. A Windows sai an ɗora direbobinta kafin a sauya, in ba haka ba ba za ta ga faifanta ba sam. Hoton faifai da akan ɗauka kafin gyara, in aka bar shi, kowane sabo yana hawa kan na baya, har karatu ɗaya ya zama sai an bi fayil biyar ko goma ana tambaya. A haɗe su da zarar gyara ya tabbata. Game da ƙwaƙwalwa, in jimillar abin da aka yi wa baƙi alkawari ta fi abin da mai masauki ke da shi, sai ya fara juye rara a kan faifai, faifan nan dai da muka ga layi a bakinsa. Ƙara wa baƙuwa furosesa kuwa wani lokaci ƙara mata jira ne, domin sarkin gida sai ya nemo mata gurbi da yawa maimakon ɗaya ko biyu.

Akwai kuma zafi da ƙura, waɗanda ba sa bayyana a cikin kowane littafin aukuwa da sunansu. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗaki ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar ɗakin saba ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27. A Kaduna, a watan Maris da Afrilu, zafin waje yakan haura 35, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe ragar iska tun Disamba. Sau da yawa janareta yana ɗaukar saba amma ba a haɗa shi da na'urar sanyaya ɗaki ba, furosesa kuwa in ta ji zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, daidai lokacin da baƙi ke rububin tashi.

Zafin nan shi ke cin batirin UPS, akwatin da ke riƙe wuta kafin janareta ya kama. Ƙa'idar da masu yin batirin dalma ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. Saboda haka UPS da aka saya yana riƙe minti goma sha biyar, bayan bazara biyu mai yiwuwa ko minti biyu ba zai kai ba, fitilarsa kuwa tana nan kore shar. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya ba saba damar yin sallama. A haɗa shi da mai masauki da wayar USB ko ta sadarwa, a sa manhaja irin NUT ko apcupsd, a tsara cewa in wuta ta yi minti kaza ba ta komo ba, a kashe baƙi a bisa jerin nan amma daga ƙarshe zuwa farko, mai masauki ya bi bayansu. Sabar da ta kwanta ta wannan hanya ba ta da binciken da za ta yi da safe, RAID ba zai kama gwajin awa bakwai ba, GRUB ba zai tsaya jiran kowa ba. Sai dai tsarin da ba a gwada ba zato ne kawai. A zaɓi wata Asabar da ba kowa a ofis, a tabbata an kwafe bayanai an ajiye a gefe, a zare filogin UPS daga bango da gangan, a riƙe agogo a ga ko baƙi za su gama kwanciya kafin batiri ya ƙare. Sa'an nan a mai da wuta, a rubuta mintin da kowace ta tashi, a manna takardar a jikin akwatin saba, a sake gwajin bayan kowace bazara a gwama da lambobin bara.